Yarinyar da Ta Ƙi Yarda da "An Ce": Mene Ne Girma na Gaskiya?

Akwai ranar da takan zo wa kowane gida mai 'ya mace, ranar da yarinyar da jiya take karɓar duk abin da aka faɗa mata za ta ɗaga kai ta ce, "To, yaya aka yi aka sani?" Waɗansu iyaye sukan ɗauki tambayar a kan rashin kunya, waɗansu kuwa sukan yi dariya su wuce. Mu muna so mu tsaya a kanta, gama a cikinta ne ƙuruciya take ƙarewa. Daga ranar nan yarinya ta fara auna maganar manya da hankalin kanta, abin da zai biyo baya kuwa yana iya zama hikima, yana kuma iya zama ɗacin rai. Tambayar da ke gabanmu ita ce: da me za mu gane cewa yarinya ta girma? Da yawan abin da ta gano game da muguntar duniya, ko da yadda ta riƙe abin da ta gano?

Za mu bi tambayar ta cikin wani littafin ƙagaggen labari na matasa, irin wanda ake bin sawun laifi har a gano mai shi. Sunansa A Good Girl's Guide to Murder, watau kamar a ce jagorar yarinyar kirki a kan shari'ar kisan kai. Wata marubuciya 'yar Ingila, Holly Jackson, ta wallafa shi a 2019, ta bi shi da na biyu a 2020, da na uku a 2021, sa'an nan a 2024 BBC ta mai da shi wasan talabijin. Muna roƙon gafarar wanda bai karanta ba tukuna, domin ba za mu iya auna halin yarinyar ba sai mun buɗe ƙarshen labarin.

Garin da ya riga ya yanke hukunci

Labarin yana faruwa ne a Little Kilton, wani ƙaramin gari na ƙage a Ingila. A watan Afrilu na 2012 wata ɗaliba mai suna Andie Bell ta ɓace, ba a kuwa ga gawarta ba. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawar saurayinta, Sal Singh, a cikin daji, da alamun cewa shi ya kashe kansa, da wayar yarinyar a jikinsa, da kuma saƙon amsa laifi da aka aika wa mahaifinsa daga wayarsa. Abokansa huɗu, waɗanda da fari suka shaida cewa yana tare da su har bayan tsakar dare, suka koma suka ce ya bar su da wuri. 'Yan sanda suka rufe bincike. Ba a yi shari'a ba, domin ba a gurfanar da matacce. Gari dai ya yanke nasa hukuncin, ya kuma zartar da shi a kan masu rai: iyayen Sal da ƙanensa Ravi, 'yan asalin Indiya, suka zama abin nuni da baki, ana ɓata musu bango da rubutun zagi, ana kauce musu a hanya.

Shekara biyar bayan haka, Pip Fitz-Amobi, 'yar shekara 17, ta zaɓi wannan magana ta zama aikin bincikenta na makaranta. Yarinya ce mai ƙwazo, wadda ba ta taɓa ba malami ciwon kai ba. Tana zaune da mahaifiyarta, da mijin mahaifiyarta ɗan Nijeriya wanda ya rene ta tun tana ƙarama, da ƙanenta, da karensu. Abin da ya tayar da ita ƙaramin abu ne: ta san Sal tun tana yarinya, ya taɓa kāre ta daga masu cin zali, zuciyarta kuma ta ƙi haɗa wannan alheri da kisan kai.

Kada mu ce irin wannan hukuncin gari a littafi kaɗai yake faruwa. A watan Disamba na 2010, a birnin Biristol na Ingila, aka kashe wata matashiya mai suna Joanna Yeates. 'Yan sanda suka kama mai gidan da take haya, Christopher Jefferies, malamin makaranta mai ritaya, jaridu kuwa suka yi ta zana shi kamar dodo saboda kamanninsa da zamansa shi kaɗai. Ba shi da hannu ko kaɗan. Wani maƙwabci ne kotu ta samu da laifin a 2011, a shekarar nan kuma jaridu takwas suka biya malamin diyyar ɓata suna. Ya rayu ya ga an wanke shi. Sal na cikin labari bai samu wannan ba.

Matakin fari: ƙin bin taro

Abu na fari da muke yaba wa Pip shi ne ta bambanta "kowa ya sani" da "an tabbatar". Dubu ɗaya masu maimaita magana ɗaya ba shaidu dubu ba ne. Sau da yawa shaida ɗaya ce da ta bi bakuna dubu. Dokokin duniya sun gane haka: sashe na 11 na Sanarwar 'Yancin Ɗan Adam ta 1948, da sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, duka sun ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Amma doka kotu take ɗaurewa. Ba ta zama a bakin rijiya, ko a kasuwa, ko a cikin wayoyinmu. A waɗannan wurare lamirin kowane mutum ne kaɗai alƙali. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle kuma in ya zama ƙarya.

Sa'ad da Pip ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da kowa ke gudu, ta gaya wa Ravi cewa ba ta yarda wansa ya yi kisan ba, ta yi abin da manyan garin suka kasa yi shekara biyar. Wannan ƙarfin hali ne, ba mu kuwa rage masa daraja. Duk da haka muna cewa matakin fari ne kawai. Ƙin yarda da taro ba shi da wuya ga 'yar shekara 17. Jinin ƙuruciya ma yana taimakawa. Wanda ya ƙi abu don kowa ya yarda da shi, da wanda ya yarda da abu don kowa ya yarda da shi, duka biyu taro ne ke tuƙa su. Abin da ya fid da Pip daga wannan tarko shi ne ta ɗauki zaton alherin da take yi wa Sal ta kai shi gaban hujja. Ta yi hira da mutane, ta rubuta abin da suka faɗa, ta gwada lokaci da lokaci, har ta sami wani hoto da aka ɗauka bayan tsakar dare a daren ɓacewar, wanda abokan nan huɗu duka suke ciki. In su huɗu suna cikin hoton, lalle akwai na biyar da ya riƙe wayar. Da wannan ta tabbatar cewa Sal yana can, abokansa kuwa sun yi shaidar zur.

Gaskiya tana da tsada, wa zai biya?

A nan ne labarin ya rabu da tsofaffin labaran irinsa. Tun 1930 ake buga labaran Nancy Drew a Amurka, yarinya mai bin sawun ɓarayi da 'yan damfara. Marubuta da yawa sun rubuta ta a ƙarƙashin suna ɗaya, a tsofaffin littattafan kuwa yadda ta shiga labari haka take fita: ta warware matsala, a gode mata, ta koma gida ba tabo. Mugu a wurinta kusan kullum na waje ne. Pip ba ta sami wannan sauƙi ba. Ɗaya daga cikin masu shaidar zur ɗin, Naomi, yayar babbar ƙawarta ce, Cara. Dalilin ƙaryar kuwa shi ne abokan sun taɓa buge wani mutum da mota suka gudu, wani da ya san asirin ya yi musu barazanar tona shi in ba su janye shaidarsu ba. In Pip ta kai hoton wurin 'yan sanda, sunan Sal zai fara wankuwa, Naomi kuwa za ta fuskanci kurkuku. In ta riƙe shi, gidan su Ravi za su ci gaba da ɗaukar kunyar da ba tasu ba.

Mu lura da abin da ta yi. Ba ta yanke shawarar ita kaɗai a ɓoye ba. Ta kai maganar gaban Ravi, wanda shi ne mai hakki, suka yarda su jinkirta na ɗan lokaci ko za su gano mai laifin ta wata hanya. Ana iya gardama ko jinkirin daidai ne. Abin da ba a gardama a kansa shi ne ta koyi darasin da yaro bai sani ba: gaskiya ba kyauta take zuwa ba, sau da yawa kuma ba mai neman ta ne yake biyan kuɗinta ba. Yaro yana tsammani duniya kashi biyu ce, mutanen kirki a nan, mugaye a can. Babba ya san cewa mai shaidar zur yana iya zama yarinyar da kuka ci tuwo a kwano ɗaya, wadda tsoro ya ci ƙarfinta.

Kuɗin bai tsaya nan ba. Aka fara aiko mata da takardun barazana, ta ɓoye wa iyayenta. Aka sace karensu, aka ce ta farfasa kwamfutarta in tana son a sako shi. Ta farfasa, amma gawar karen aka samu a kogi. Don ta kāre Ravi, ta kore shi da maganganu masu zafi waɗanda ba ta nufa ba. Daga bisani ta gano cewa wanda ya kashe Sal ya kuma shirya abin ya yi kama da kisan kai, shi ne Elliot Ward, malamin tarihi a makarantarsu, mahaifin Cara da Naomi, mutumin da take ɗauka kamar uba. Ya yi mu'amalar da ba ta dace ba da Andie, ya ji mata rauni a kai cikin faɗa, sa'an nan don ya tsira da sunansa da 'ya'yansa ya ɗora laifin a kan yaron da ya amince da shi. Andie kuwa a gidansu ta mutu, a gaban ƙanwarta Becca, wadda aka ci wa mutunci a wani biki ta zo neman tausayi ba ta samu ba, ta ture yayarta, ta tsaya tana kallo ba ta nemi taimako ba.

Wane ne dodo a cikin waɗannan? Ba mu ce ba su da laifi ba. Laifinsu babba ne. Amma kowannensu ya fara ne da ɓoye abu ɗaya, ɓoyon ya nemi ƙarya, ƙaryar ta nemi wata. A ƙarshen littafin fari Pip ta tsaya gaban mutanen garin ta nuna musu cewa su ma suna da rabo a cikin zaluncin, ta kuma ba Ravi wuri ya faɗi wane ne wansa. Yarinyar da a tsakiyar labari ta rasa abin da za ta rubuta game da kanta a takardar neman shiga jami'a, domin ba ta san kanta ba in an ɗebe aikin makaranta, ta fito ta san abin da za ta tsaya a kai. In da labarin ya ƙare nan, da mun ce ta girma, mu rufe littafi.

Tsagar da ke cikin bango

Sai dai akwai tsaga tun daga fari, wadda mai karatu yakan tsallake domin yana son Pip. Malamarta ta amince da aikin ne bisa sharaɗin kada ta tuntuɓi iyalan da abin ya shafa; ta karya sharaɗin tun a farkon aikin. Ta yi shigar wata a saƙon waya don ta ciro magana daga bakin mutane. Ta ɗauki hoton mai sayar da ƙwaya a ɓoye ta tilasta masa ya yi magana. Ta shiga gidan iyayen Andie ba da izini ba ta yi bincike a ɗakin marigayiyar. Ta rubuta jerin sunayen waɗanda take zargi, mafi yawansu kuwa ba su kashe kowa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo da uzuri mai kyau, kowanne kuma ya yi amfani. Haɗarin ke nan. Ƙaryar da ta gaza takan koya wa mutum ya daina. Ƙaryar da ta yi nasara takan koya masa ya ƙara.

Wani masanin falsafa na ƙasar Girka, Aristotil, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Almasihu, ya koyar da abu biyu da suka dace da wannan wuri. Na ɗaya, hali da maimaitawa ake gina shi: da yin adalci ake zama mai adalci, kamar yadda da gini ake zama magini. Na biyu, matashi yana iya gwanancewa a lissafi, amma hikimar sanin abin da ya kamata a yi a cikin rayuwa tana bukatar dogon gogayya. Pip gwanar lissafi ce a wannan ma'ana: tana haɗa lokaci da hoto da magana ta fid da amsa. Amma kowace rana tana kuma yin wani horo da ba ta lura da shi ba, watau horon cewa in manufarta mai kyau ce, ƙa'ida ba ta ɗaure ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba kuwa iyaye kaɗai ke tanƙwarawa ba; abin da yarinya take yi da hannunta kullum shi ma yana tanƙwara ta.

Inda hanyar ta kai

A littafi na biyu Pip ta zama sananniya saboda shirin sauti da take sakawa a intanet. A nan ta ga abu biyu da suka karya mata zuciya. Max Hastings, wanda ya ci mutuncin Becca da waɗansu 'yan mata, ya tsaya gaban kotu aka sallame shi. Sa'an nan aka harbe mutum a gabanta, binciken da ta yi kuwa yana cikin abin da ya nuna wa maharbin inda zai same shi. A littafi na uku barci ya ƙaurace mata, tana sayen ƙwaya a ɓoye don ta runtsa. Wani yana bibiyarta, ta kai ƙara, aka yi watsi da ita. Mutumin ya sace ta; ashe mahaifin Andie ne, wanda ya kashe mata da yawa, wani marar laifi kuma yana kurkuku a madadinsa. Pip ta kwance kanta ta tsere. Tana cikin daji, hanya a buɗe gabanta, sai ta tuna cewa an sha ƙin gaskata ta. Ta juyo, ta kashe shi. Daga nan ita da Ravi suka shirya hujjojin ƙarya da gwanintar da ta koya wajen warware na waɗansu, suka ɗora kisan a kan Max, kotu kuwa ta same shi da laifi.

Masu karatu da yawa sun yi murna da wannan ƙarshe, ba ma so mu raina dalilinsu. Suna cewa: makashi ya mutu, mai cin mutuncin mata ya shiga kurkuku, yarinyar da hukuma ta yasar ta tsira; ina asarar? Suna ƙara da cewa sauƙi ne ga wanda yake zaune lafiya ya yi wa'azin bin doka, alhali dokar ta kasa kāre Sal, ta kasa kāre Becca, ta kasa kāre Pip. Wannan ƙorafi yana da nauyi. Duk wanda ya taɓa kai kuka inda ya kamata aka kore shi, ya san zafin da ke ciki. Ba ma kuma ɗaukar Pip da Elliot a kan mizani ɗaya ta fuskar nauyin laifi: ita yarinya ce da tsoro da rauni suka dabaibaye, wanda ta kashe kuwa ya yi niyyar kashe ta.

Amma mu dubi siffar aikin. Wani ya yi kisa, ya ji tsoron abin da zai same shi da waɗanda yake ƙauna, ya zaɓi wani da mutane za su yi saurin zargi, ya shirya shaida, ya bar gari ya gaskata ƙarya. Wannan bayanin abin da Elliot ya yi wa Sal ne, shi ne kuma bayanin abin da Pip ta yi wa Max. Bambancin da za a kawo shi ne Sal nagari ne, Max mugu ne. To, wa ya auna? Mutanen Little Kilton ma sun tabbata a ransu cewa Sal mugu ne sa'ad da suke ɓata bangon gidansu. Dukan aikin Pip na fari ya tsaya ne a kan ƙa'ida ɗaya, cewa ba a hukunta mutum sai a kan abin da ya aikata, bisa hujja ta gaskiya. In ƙa'idar tana aiki ne ga waɗanda muke so kaɗai, ba ƙa'ida ba ce, son rai ne. Max ya cancanci hukunci a kan matan da ya zalunta. Hukuncin da ya samu bai ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. A takardun kotu har yanzu ba a gaskata su ba. Ita kuma Pip ta sayi 'yancinta da zaman ɓoyo: dole ta nisanci iyayenta da ƙawayenta da Ravi, ta ɗauki asirin da ba za ta iya sauke wa kowa ba. Marubuciyar ba ta ɓoye wannan kuɗi ba, don haka muke ganin littafin ya fi masu yi masa tafi gaskiya.

Ma'aunin girma

Yanzu muna iya amsa tambayarmu. Gogayya da girma ba abu ɗaya ba ne. Wahala takan nuna wa mutum abin da duniya take ciki, amma ba ta zaɓa masa abin da zai zama ba. Pip ta littafi na uku ta fi ta littafin fari sani, da wayo, da taurin zuciya, duk da haka ta farko ta fi ta girma a abu ɗaya: tana iya kai shawararta gaban wani a fili. Muna ganin alamun girma na gaskiya guda uku ne. Na fari, mutum ya ƙi karɓar zargi ba hujja, ko da gari duka ya karɓa. Na biyu, ya san cewa abin da ya gano zai fāɗa a kan mutane masu jini da nama, ya faɗe shi ga wanda ya kamata, a lokacin da ya kamata, ba don ya ji daɗin tonawa ba. Na uku, wanda ya fi wuya, ya riƙa tuhumar kansa da irin tsananin da yake tuhumar waɗansu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai bincike da ya sa kowa a jerin zargi ban da kansa, bai gama bincike ba.

Abin da ya rage a wuyanmu

Ba daidai ba ne mu ɗora wa yarinyar dukan nauyin mu wanke hannu. A kowane mataki na faɗuwarta akwai babba da ya kasa. 'Yan sanda sun rufe bincike domin amsar da suka samu ta yi musu sauƙi. Ɗan jarida ya sayar da ƙiyayya. Malami ya ci amanar ɗalibai. Iyayenta masu ƙaunarta ne ƙwarai, amma ta ɓoye musu barazanar domin ta tabbata za su ce ta bari kawai. Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Gaskiya ne, amma karin maganar tana ɗora wa babba aikin dubawa. In babba ya rufe ido da gangan, yaro zai hau rimin shi kaɗai, in ya fāɗo kuwa da wa za a yi kuka?

Saboda haka, iyaye da malamai, sa'ad da 'yarmu ta ce, "Yaya aka yi aka sani?" kada mu rufe mata baki da "haka muka tarar". Mu zauna mu bi tambayar tare da ita. In ta zo ta ce wani babba ya yi mata abin da bai kamata ba, ko ya yi wa ƙawarta, mu saurara har ƙarshe kafin mu tuna da girman mutumin a gari. Yarinyar da aka gaskata sau ɗaya a gida ba ta saurin yanke ƙauna ga kowace ƙofa. Mu kuma kula da abin da take ji a bakinmu da maraice: in kullum a gabanta muke yanka sunan maƙwabta da "an ce", kada mu yi mamaki ran da ta tura wa ɗaruruwan mutane hoton wani da zargin da ba ta tabbatar ba. Magana zarar bunu ce, waya kuwa ta sa zarar ta fi sauri.

Ku kuma 'yan matanmu, ku karanta irin waɗannan littattafai da ido biyu. Ku ɗauki ƙarfin halin Pip na ƙwanƙwasa ƙofar da kowa ke gudu, da haƙurinta na bin hujja. Amma ran da kuka ji zuciyarku tana cewa, "Wannan ƙaryar ba kome, ai don alheri ne," ko "Ba wanda zai gane, gara in ɓoye," ku sani kun iso mararrabar da ta ɓatar da ita. A ranar nan ku nemi babba ɗaya mai aminci, uwa ko goggo ko malama, ku faɗa mata kome. In ba ta saurara ba, ku nemi ta biyu.

A unguwarmu ma akwai gidan da ake ratse wa saboda wata magana da ba wanda ya taɓa tabbatarwa. Kowannenmu ya san gidan. Kafin mu tambayi ko 'ya'yanmu sun girma, bari mu fara zuwa mu yi sallama a ƙofar nan, mu kuma tafi da su.